Wanda Ya Ɗaga Hannu Daga Gaɓa

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

Yau na fara. Makarantar a bayan garin Haɗejia take, fili ne kawai da rumfar kwano da manyan motoci biyu, tirela ɗaya da wata mai taya goma. Ni ne babba a cikin ɗaliban. Shekara talatin da takwas, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ina zaune a benci da yaran da na kusa haifa. Har sun fara ce mini Baba Modu. Ban so ba.

Mai koyar da mu Malam Shu'ibu, tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan kaya tsakanin Legas da Maiduguri. Na ɗauka za a ba mu sitiyari. Ina! Wuni muka yi muna zagaya mota. A duba taya, a duba mai da ruwa, a ja igiya, a durƙusa a leƙa ƙarƙashi. Ya ce inuwar babbar mota tana jan akuya da yaro da mahaukaci, duk wanda ya tayar bai leƙa ba, to ya shirya amsa tambaya gobe ƙiyama.

Gwiwoyina ciwo suke yi.

Talata, 3 ga Oktoba

Bari in rubuta dalilin zuwana, don ranar da zuciya za ta ce in koma gida. Ambaliyar bara ta cinye shinkafarmu tas. Bana ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, fito kuma sai a wuni ba a haye da mutum goma ba. Matata Falmata ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, amma ina ganin yadda take auna tsaba. 'Yarmu Aziza ta shiga sakandare. Wani kamfanin casar shinkafa ya ce zai ɗauki direbobi biyu daga cikinmu a ƙarshen koyo, waɗanda Malam ya yaba da su. Dole in zama ɗaya. Ba ni da wata dabara bayan wannan.

Da zan baro ƙauyenmu na Auyo, Baba Fannami ya rako ni har mashigi. Mahaifina ne, amma haka kowa ke kiransa, mu ma muka tashi da shi. Fito ya gada, tun kakanninsa a bakin tafkin Chadi. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Cewa ya yi: "Modu, jirgi ne dai, na tudu. Wanda ya ɗaga maka hannu daga gaɓa kada ka wuce shi. Ba a san gidanmu da haka ba." Na ce in sha Allahu.

Litinin, 9 ga Oktoba

An ba ni sitiyari. Na taɓa jan a-kori-kurar kawuna da rani, ina kai kifi kasuwa, har da lasin ɗina, don haka na hau da ƙwarin gwiwa. Mota ta mutu a hannuna kafin ta motsa. Sunusi, wani ɗan Jahun mai bakin tsiya da muke kwana ɗaki ɗaya, ya ce ko a kawo mini gora in tunkuɗa ta. Kowa ya yi dariya, har da ni, a fatar baki.

Abin da na riƙe yau. Kada ka motsa sai iskar birki ta cika, ko da wuta ake yi a bayanka. Kada ka sauya giya a gangara, ka zaɓe ta tun kana sama. Wanda ke danna maka hon a baya ba shi zai je gaban alƙali ba, kai ne.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ribas da tirela. Yaran duk sun sha wuya, su juya dama gindin mota ya tafi hagu, su rikice. Ni kuwa abin bai zame mini baƙo ba, don mai jirgi a baya yake tsayawa, ya saba tura nan don can ya juya. Na shigar da ita tsakanin gangunan da aka jera ban taɓa ko ɗaya ba. Malam bai yabe ni ba, ba ya yabo. Ya dai ce wa sauran: "Ku kalli hannun mutumin nan, ba ya gaggawa." Sunusi ya daina zancen gora.

Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Madubi, madubi, madubi. Malam ya ce direban da ba ya kallon madubi makaho ne da lasin.

Asabar, 21 ga Oktoba

Yau a rumfa muka zauna. Ya yi maganar barci da ƙwaya. In ido ya yi nauyi ka sauka daga titi ka kwanta, babu kayan da suka fi rai. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya a tasha ya ce tana kore barci, likkafani ya miƙo maka. In ka ratsa ruwa, ka taka birki a hankali har ya bushe kafin ka yarda da shi. Duk na gyaɗa kai.

Sai ya zo kan wadda ta tsaya mini a wuya. Ba a ɗaukar mutum a kan kaya. Ko ɗaya. Ko uwarka ce. Gaban mota na direba ne da abokin aikinsa, bayan mota na kaya ne, kamfanin ma duk wanda aka kama kora ce. Na ce, Malam, to in mutum ya ɗaga hannu fa, ga rana, ga wuri a sama? Ya dube ni ya ce: "Ka ɗaga masa naka, ka wuce."

A raina na ce wannan maganar mutanen birni ce. A wurinmu ko jirgi ya cika maƙil ba ka wuce mutum haka, sai ka ɗaga murya ka ce ina dawowa, kuma ka dawo ɗin ko da magariba ta yi. Tun ina ɗan shekara bakwai a bayan Baba nake jin kalmar nan.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na yi ɓarna.

Mun fita titi da mai taya goma, babu kaya, ni ke ja, Malam na gefe. Muna tafe lafiya sai ga wata tsohuwa a bakin hanya da ƙullin kaya a ka, ta ɗaga hannu. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Ƙafata ce ta taka birki, ba sigina, ba kallon madubi. Akwai mai babur a bayanmu da buhun tattasai. Ya kauce ya faɗa kwari. Allah ya taƙaita, fatar hannu ce ta saɓule, sai tattasan da ya watse. Muka tsince masa, muka kai shi aka wanke ciwon, ya zage ni iya son ransa, kuma yana da gaskiya.

Tsohuwar kuwa ashe ba mota take nema ba, jikarta take kira daga tsallaken titi.

Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗan ya fi mini sauƙi. Ya karɓi makulli ya ja mu muka dawo. A bakin rumfa ya ce: "Modu, ba ni da rigima da zuciyarka. Ƙafarka ce ba taka ba tukuna, ta mai ɗaga hannu ce. Ka zauna a benci mako guda."

Alhamis, 26 ga Oktoba

Benci. Ina kallon yara suna tuƙi.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Na je gida. Ban gaya wa Baba abin da ya faru ba, Falmata kaɗai na gaya wa. Tana tankaɗe ta ce: "Baban Aziza, hali zanen dutse ne, amma ai kai ka ce za ka iya." Ban san ko ƙarfafa ni take yi ko tuni take yi mini ba.

Da yamma Baba ya zauna a gindin tsamiya yana gaya wa mutane ɗansa zai riƙa jan motar da ta fi gidan dagaci tsawo. Ya ce daga yanzu ɗan ƙauyen nan ya daina tafiya Haɗejia a ƙasa. Mutane suna ta ma sha Allah. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Malam ya dawo mini da makulli, amma sai da ya yi mana wani abu. An loda wa mai taya goma buhunan shinkafa shanshera har sama, aka rufa tamfol aka ɗaure. Ya ce duk mu hau kan kayan. Muka hau muna raha. Shi ya shiga ya ja ta a cikin filin makaranta, tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba, sannan ya karya kwana.

Raha ta ƙare. Ji na yi duniya ta karkata, buhun da nake kai ya motsa, babu abin riƙewa sai igiyar tamfol, ƙasa kuwa can nesa. Sunusi ya ƙanƙame ni yana salati. Da ya taɓa birki kaɗan duk muka zube a kan juna.

Da muka sauko ya ce: "Wannan a fili ne, da rana, ni kuma na san kuna sama. Yanzu ku ƙara gudu da rami da kwana."

Na daɗe ina tunani. A jirgi abu na farko da muke ce wa fasinja shi ne ya zauna ƙasa, kada kowa ya miƙe, don nauyi in ya hau sama jirgi kifewa yake yi. Baba ya sha tsawata wa manyan mutane a kan haka. Ashe ni na san dokar nan tun kafin in san Malam Shu'ibu. Sai dai sanin bai rage mini nauyin maganar da Baba ya yi mini a mashigi ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Da kaya yau, hanyar Birniwa. Mota mai kaya ba ta tsayawa inda kake so, inda nauyinta ya yarda take tsayawa, sai ka fara lallashinta tun daga nesa. Mutum uku suka ɗaga hannu. Na wuce su. Kowane ɗaya sai da ƙafata ta ɗaga daga totur, na mayar da ita da ƙarfi. Na ukun dattijo ne da sanda, na gan shi a madubi yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Abincin rana bai shiga ba.

Talata, 14 ga Nuwamba

Sunusi ya samu wuri ɗaya, Malam ya faɗa a gaban kowa. Bakinsa ne kawai ba shi da birki, hannunsa yana da kyau, na taya shi murna da gaske. Saura ɗaya. Ni da wani yaro ɗan cikin gari. Kowa zai yi tafiya guda da kayan kamfanin, Malam na gefe, daga nan a yanke.

Asabar, 18 ga Nuwamba

An faɗi inda zan ɗauko kaya ranar Talata. Wurin tara shanshera na bakin ƙauyenmu. Duk faɗin Jigawa a rasa inda za a tura ni sai nan. Na kalli Malam ko da gangan ya yi, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun isa da hantsi. Yara suka biyo mota da gudu, mata suna leƙe ta kan danga, Aziza ta tsaya nesa tana murmushi. Ana cikin lodi labari ya zo cewa Mala ya rasu a Haɗejia, za a yi jana'iza bayan azahar. Mala mai sayar da komar kamun kifi, aminin Baba tun suna samari, tare suka yi su a tafki, shi ya raɗa mini suna. Tun da ruwa ya ci hanyarmu ƙananan motoci suka daina shigowa, babura kuma duk sun tafi kasuwa tun safe.

Babu wanda ya tambaye ni. Me za a tambaya? Motar ɗan gidan Fannami ce. Kafin a gama ɗaure tamfol dattawa sun fara hawa, ana miƙa musu hannu, ana turo su daga ƙasa. Mutanen da suka goya ni, da liman, da maƙwabcinmu mai ciwon ƙafa. Suka zauna a kan buhuna suna gyara riguna, wasu sun fara jan carbi. Baba yana ƙasa yana tsara su, wane koma tsakiya, wane kada ka miƙe, kamar yadda yake yi a mashigi.

Na juya wajen Malam. Ya ce: "Yau motarka ce," ya koma gindin bishiya ya tsaya.

Na san hanyar da za mu bi. Kan jinga ce, ruwa dama da hagu, ga wurin da ambaliya ta zaftare gefe. Na tuna filin makaranta. Na tuna Falmata da mudunta. Ba zan yi ƙarya a nan ba, ban san wanne ya fi ƙarfi a raina ba, tsoron kada su faɗo ko tsoron kada aikin ya kuɓuce.

Na zare makulli na sa a aljihu. Na ce, iyayena ku yi haƙuri ku sauko, motar nan ba ta ɗaukar mutum. Muryata kamar ba tawa ba. Da farko sun ɗauka wasa ne. Liman ya ce: "Modu, gawa fa za mu bi." Na ce na sani, Allah gafarta Malam, amma ba za ta motsa da mutum a sama ba.

Baba ya matso. Bai yi fushi a fuska ba. A hankali ya ce: "Mala ne fa." Na ce na sani, Baba. Ya ce: "Ka tuna abin da na gaya maka?" Na ce na tuna.

Nan Malam ya zo ya rusuna ya gaishe shi, ya ce Baba ya shiga gaba ya zauna a kujerarsa, shi zai jira a nan, laifin kuma a wuyansa. Baba ya gode masa, sannan ya ce tunda yake bai taɓa shiga jirgi ya bar jama'arsa a gaɓa ba, ba kuma zai fara ranar mutuwar Mala ba.

Suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Saukowar ta fi hawan wuya, ni da kaina na tallabi mai ciwon ƙafa, bai dube ni ba. Da na hau na tayar da mota, bakina ya riga ni, na leƙo ta taga na ce ina dawowa. Baba ya ce: "Kada ka faɗi abin da ba za ka yi ba."

A kan jinga, wurin zaftarewar, mota ta karkata kaɗan ta miƙe. Ƙila da suna sama babu abin da zai faru. Ƙila. Haka muka isa Haɗejia. Da aka sauke kaya na ruga maƙabarta, na tarar ana watsewa. Ni na samu ƙarshen addu'a. Baba da mutanensa sai bayan la'asar suka iso, wasu a babur, wasu a amalanken shanu.

Bai sallaci amininsa ba, kuma ni ne sanadi.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Na samu aikin. Malam ya miƙo mini hannu ya ce Allah ya tsare hanya. Na ce amin. Na shiga bayan rumfa na yi kuka kamar yaro.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Na je gida na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi aiki, ya sa albarka. Babu faɗa, babu gori. Amma bai ce in zauna ba, kuma ya daina zama a gindin tsamiya. A masallaci ana ba ni hannu ana saurin janyewa. Na ji wani yana cewa wanda ya hau sama ba ya ganin na ƙasa.

Na so in yi masa bayanin nauyi da karkata, in ce Baba ai kai ka koya mini kada kowa ya miƙe a jirgi. Na kasa. Mutumin da bai ga fuskar amininsa ta ƙarshe ba, me zai yi da bayanina?

Litinin, 11 ga Disamba

Sababbin ɗalibai sun zo. Na biya makarantar gaida Malam, ya ce in gaya musu wani abu. Na ce su leƙa ƙarƙashi, su jira iska ta cika, su riƙe madubi. Na ce kowa akwai abin da ya taho da shi daga gida, ya bincika tun yanzu, don a kan titi zai fito. Wani ya tambaye ni kamar me. Na ce shi zai gani.

Talata, 19 ga Disamba

Yanzu kusan kullum ina bin hanyar Auyo. An kai wa Falmata buhun shinkafa, an ɗinka wa Aziza kayan makaranta. Alhamdu lillahi.

Yau da na zo mararrabar ƙauyenmu na hango mutum tsaye a bakin titi, farar riga, hula ta zauna a ƙeya. Tun daga nesa na gane tsayuwar. Na ce a raina yau in ya ɗaga hannu ban san abin da zan yi ba. Bai ɗaga ba. Hannayensa biyu suna goye a baya, ɗaya riƙe da ɗaya. Ya bi motar da kallo har na wuce. Na danna hon sau ɗaya, na ɗaga masa nawa.

Na kira Falmata da na sauke kaya. Ta ce ai ya kwana biyu yana haka. Duk ranar da ya ji motar kamfani za ta bi, sai ya taka har mararraba ya tsaya, in ta wuce ya dawo. Ta ce rannan Aziza ta raka shi, da ta hango ni za ta ɗaga hannu, sai ya kama hannun ya sauke, ya ce: "Bar shi. Kada ki sa shi a tsaka mai wuya, yana da kaya."

Na daɗe zaune a mota ban fito ba.

Sai yanzu da nake rubutu na lura da wani abu. Lokacin da na wuce shi, ƙafata ba ta ɗaga daga totur ba. Ko kaɗan. Gobe Birniwa, a duba tayar baya ta hagu kafin a tashi.